Birkin da Zama ke Kashewa: Nasiha ga Matasa kan Motar Lantarki

Ƙannena matasa, direbobi da makanikai da masu burin mallakar mota, motar lantarki ta iso ƙasarmu, kuma hannunku za ta faɗa. A farkon 2021 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki a Abuja, wadda aka harhaɗa a Legas, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya yi suna da zanen motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. A shekarar ce kuma aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hankalin jama'a ya ƙara karkata can, har gwamnatin Borno ta zuba tasi-tasi masu lantarki a titunan Maiduguri a ƙarshen shekarar. Yau duk inda samari suka zauna hirar wannan mota, batir ake yi wa lissafi: kilomita nawa yake kaiwa, awa nawa yake ɗauka kafin ya cika. Birki kuwa ba mai tada zancensa, alhali shi ne tsakanin fasinja da lahira. A kansa nake son mu tsaya.

Ku fara da sanin yadda motar ke tsayawa, domin a nan ta sha bamban da wadda iyayenmu suka saba da ita. A motar fetur, duk lokacin da direba ya taka birki, man birki ne ke tura fistin, fistin ya matse takalman birki, waɗanda makanikai ke kira fad, a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. Gogayyar ce ke tsayar da mota, ƙarfin gudun kuma ya zama zafi ya bi iska. Motar lantarki tana da wannan birkin, amma tana da wani a gabansa. Da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin lantarkin da ke tura tayoyi sai ya juye ya zama janareta. Tayoyin ne yanzu ke juya shi, shi kuma yana turjewa, turjiyar tana rage gudun mota, wutar da ta samu kuma tana komawa cikin batir. Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997 ita ta yaɗa wannan dabara a motocin kasuwa. Nissan Leaf, wadda aka fara sayarwa a ƙarshen 2010, ta zo a 2017 da tsarin da direba zai iya tashi da tsayawa da ƙafa ɗaya a kan totur. Mutum sai ya wuni yana zirga-zirga a cikin gari bai taka birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba.

Wannan alheri ne, ba shakka. Fad ɗin motar lantarki yakan yi kilomita dubu ɗari, wani ma ya zarce, bai cinye ba. Amma daga wannan alherin ne aka haifi wata magana mai haɗari da nake jin samari suna yi, wai birkin motar lantarki ba ya mutuwa. Yana mutuwa, ƙannena. Abin da ke kashe shi ne ya sauya. A motar fetur aiki ke cinye birki. A motar lantarki zama ke lalata shi. Manomi ya san fartanyar da ake noma da ita kullum bakinta ƙyalli yake yi, wadda aka jingine a bayan rumbu kuwa tsatsa ke gamawa da ita. Faifan birki ƙarfen zubi ne, kuma gogar fad ce ke share masa tsatsa kowace rana. In gogar ta yi ƙaranci, tsatsa ta samu wurin zama.

Ku je ku duba da idonku. Da safe bayan ruwan dare, ko bayan an wanke mota, ku leƙa ta tsakanin ƙarafan wili. Za ku ga fuskar faifan ta yi ja-ja kamar an barbaɗa mata garin jan bulo. Wannan ba abin tsoro ba ne; taka birki biyu ko uku masu ɗan ƙarfi za su share ta, faifan ya koma fari sumul. Abin tsoro shi ne tsatsar da aka bari ta yi makonni da watanni. Ita takan ci cikin ƙarfen, ta bar ƙananan ramuka, ta yi ɓawo mai kauri a bakin faifan na waje da na ciki, har ya zama tsakiya kaɗai fad ke taɓawa. Faifan da faɗin yatsu uku ya kamata ya yi aiki sai ya koma yatsa ɗaya da rabi. Tsatsar takan kuma shiga tsakanin naman fad da ƙarfen da aka manna shi a kai, ta riƙa ɗaga shi a hankali, wata rana ya ɓalle gaba ɗaya alhali kaurinsa kamar sabo. Kamfanonin mota sun san da wannan. Yana cikin dalilan da suka sa Volkswagen ta koma wa birkin ganga, wanda yake a rufe, a tayoyin baya na ID.3 da ID.4, bayan an ɗauka zamaninsa ya wuce a irin waɗannan motoci.

Bayan faifai, sai kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifan yana ɗauke da fistin da fad. A yawancin motoci kalifa tana zamewa ne a kan wasu fil guda biyu masu giris, waɗanda roba ke rufe da su. In ana taka birki kullum, fil ɗin na motsi, giris ɗin na yawo. In an daina, giris ya bushe, ƙurar hunturu da lakar damina su sami tsagar roba su shige, fil ya ƙage. Kalifar da ta ƙage iri biyu take cutarwa. Ko dai ta ƙi matsewa yadda ya kamata, tayar ta rage kamawa, ko kuma ta matse ta ƙi saki, fad ya yi ta gogar faifai dare da rana. A nan ne makanike mai gaggawa yake ruɗuwa. Zai leƙa daga waje ya ga fad ɗin waje da kaurinsa, ya ce wa mai mota, "Alhaji, birkinka lafiya lau." Da ya cire tayar ya haska fitila ta baya, da ya ga na ciki ya siɗe ya kusa kai wa ƙarfe. Ƙanena makanike, kada ka taɓa yanke hukunci a kan fad ɗaya. Kowace taya biyu gare ta, ka ga duka biyun.

Wannan ya fi shafarmu saboda inda motocinmu ke fitowa. Da yawa daga cikin waɗanda ke shigowa tokumbo ne, sun yi rayuwarsu ta farko a Kanada ko arewacin Amurka ko Turai, inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Gishiri kuwa babban abokin tsatsa ne. Tesla da kanta ta rubuta a littafin motocinta cewa a irin waɗannan wurare a riƙa wanke kalifa ana sa mata giris duk shekara, ko duk kilomita 20,000. Motar da ba a yi mata haka ba, ta zo ta yi makonni a cikin jirgin ruwa, ta ƙara wasu a tashar Legas ko Kwatano tana shan iskar teku, ta iso Kano ko Kaduna tana sheƙi a waje, birkinta kuwa ya riga ya tsufa. Duk wanda zai sayi irin wannan mota, kafin ya biya kuɗi, ya sa a ɗaga ta a cire tayoyi huɗun. Gani ya kori ji.

Wani zai ce, to in injin ne ke tsayar da mota, mene ne abin damuwa da birkin da ba a cika amfani da shi ba? Amsar ita ce, ranar da aka neme shi, ranar ce ta rai da mutuwa. Turjiyar injin tana da iyaka. Ta isa rage gudu a hankali, ba ta isa tsayar da mota ba in yaro ya faɗo titi da gudu ko tirela ta tsaya cak a gabanka. A wannan daƙiƙar fad da faifai ne ke ɗaukar kusan dukkan nauyin. Haka nan in batir ya cika taf, ba shi da wurin zuba sabuwar wuta, sai motar ta rage turjiyar injin ko ta ɗauke ta. Direban da ya kwana yana caji ya fito da safe zai ɗaga ƙafa daga totur ya ji motar tana sulalewa ba ta ja baya kamar yadda ya saba. In batir ya yi sanyi ƙwarai ma hakan na faruwa. A kan santsi kuma, da zarar taya ta fara zamewa na'urar ABS ta shiga aiki, motar takan janye turjiyar injin ta miƙa wa birkin gogayya ragama. Ku haɗa wannan da nauyi. Batirin motar lantarki shi kaɗai yakan kai ɗaruruwan kilo, don haka ta fi takwararta ta fetur nauyi. Kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin da birki zai kashe ya ninka huɗu. Mai gangarowa Hawan Kibo da mota cike da mutane ba shi da damar gano cewa kalifarsa ta ƙage a tsakiyar gangara.

To, yaya za ku gane lokaci ya yi? Kada ku dogara da lissafin kilomita kaɗai, domin zai yaudare ku. Ku dogara da kunne, da ƙafa, da hannu, da hanci, da ido.

Kunne shi ne na farko, kuma motar lantarki ta yi muku gata a nan, tunda ba ta da rugugin inji da zai rufe ƙara. Ku kashe rediyo, ku sauke gilashi, ku saurara. Ƙarar safe da ke ɓacewa bayan taka birki kaɗan tsatsar dare ce. Amma siririyar ƙara mai tsini da ta ƙi tafiya, sau da yawa wani ɗan harshen ƙarfe ne da aka maƙala a jikin fad da gangan, don ya fara kartar faifai in fad ya kusa ƙarewa. In kuwa kun ji gurnani mai kauri, ƙarfe na cin ƙarfe, to an riga an makara. A ajiye motar, kada a ce bari a ƙarasa wannan lodin.

Ƙafa ita ce ta biyu. In kun taka birki kuka ji yana bugun tafin ƙafarku a hankali a kan busasshen titi, ko sitiyari na rawa, faifan ba daidai yake ba, ko tsatsa ta yi masa tudu da kwari. In birkin ya yi laushi, yana nutsewa ƙasa kafin ya kama, to iska ko ruwa ya shiga man birki, ko kuma yana yoyo. In motar na fizga gefe ɗaya duk lokacin da aka taka, wani ɓangaren ya fi wani kamawa, kuma galibi kalifa ce.

Hannu da hanci tare suke aiki. Bayan tafiya mai ɗan nisa wadda ba a sha taka birki ba, ku tsaya ku zagaya motar, ku kusantar da bayan hannu ga kowane wili ba tare da kun taɓa ba. A motar lantarki mai lafiya duka huɗun ɗumi-ɗumi za ku ji, wani lokaci ma da sanyinsu. In ɗaya na huci, ko yana ƙauri, ko ya fi sauran baƙar ƙura, wannan tayar birkinta a maƙale yake. Sau da yawa batir ne ke fara tona asirin: cajin da ya saba kai ku wuri kaza sai ya riƙa gazawa, mai mota ya tayar da hankali wai batir ya mutu, alhali fil ɗin kalifa ne ke jan motar baya.

Ido shi ne alƙali. Sabon fad yakan kai wajen milimita 10 zuwa 12. In ya sauko kusan milimita 3, a sauya shi. A sauya shi kuma ko da kauri gare shi, in ya tsage, ko ya fara rabuwa da ƙarfensa, ko fuskarsa ta yi sulɓi tana ƙyalli, ko ya cinye a karkace. Shi ma faifai yana da iyakar kaurin da kamfani ya buga a jikinsa; a auna shi da ma'auni, in ya gaza wannan lamba ko ramukan tsatsa sun cinye fuskarsa, ya tashi aiki. Fitilun dashbod ma magana suke yi. Ja mai alamar motsin rai a cikin da'ira, in ta ƙi mutuwa bayan an saki hambirki, umarni ne na tsayawa. Mai ruwan ɗorawa gargaɗi ne na a je gareji ba da jinkiri ba. Kada ku zama irin direban da ke liƙa salatef a kan fitilar don kada ta dame shi.

Akwai abu guda da ba ya ƙara, ba ya rawa, kuma ba ruwansa da ko an tuƙa motar ko tana ajiye: man birki. Ɗabi'arsa ce ya riƙa zuƙar laima daga iska sannu a hankali. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyas. In ya sha ruwa ƙasa da kashi 4 cikin ɗari, ma'aunin da aka yarda da shi yakan sauko zuwa digiri 155. Man da ya tafasa a cikin bututu tururi yake zama, tururi kuma matsuwa yake yi, sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta kai ƙasa ba abin da ya kama. Ruwan kuma yana cin fistin da bututu daga ciki. Kamfanoni da dama sun ce a sauya man duk shekara 2, wasu sun ce a gwada shi bayan wani wa'adi. Ku buɗe littafin motarku ku bi abin da ya ce. In kun ga man ya ragu a tukunyarsa, kada ku ƙara kawai ku rufe. Ku tambayi inda ya tafi: ko fad ne ya cinye fistin ya fito, ko yoyo ake yi. Ku yi amfani da nau'in da aka rubuta a murfin tukunyar, daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. Dabarar nan ta zuba ruwan omo a madadin man birki da wasu ke yi a hanya, wasa ne da rayukan bayin Allah.

Maganin zama kuwa motsi ne, kuma kyauta ne. Sau ɗaya ko biyu a mako, musamman da damina da kuma bayan wankin mota ko ratsa ruwa, ku sami titi miƙaƙƙe wanda ba kowa, ku duba madubi ku tabbatar ba mai bin ku, ku kai gudu matsakaici, sannan ku taka birki da ƙarfi daidai gwargwado har motar ta kusa tsayawa. Ku maimaita 'yan lokuta. A motoci da yawa takawa mai sauƙi injin kaɗai take sa wa aiki, don haka sai an ɗan danna sosai fad ke kama faifai. In motarku tana da wurin rage turjiyar injin, ku rage ta kafin ku fara. Kada kuma ku ajiye mota jiƙe ta yi kwanaki. Ku ɗan zagaya da ita birkin ya bushe tukuna. Sau ɗaya a shekara, zai fi kyau bayan ɗaukewar damina, a cire tayoyi, a wanke kalifa, a sa wa fil giris irin na birki. Giris ɗin da ake sa wa boris kumbura roba yake yi, ya mayar da gyara ɓarna.

Ku da kuka zaɓi kanikanci, kalmata gare ku ta fi nauyi, domin ku ne za a kawo wa motocin nan gobe. Yawancinsu hambirkin lantarki gare su, mai ɗan inji a bayan kalifa. Sai an sa motar a yanayin gyara ta allonta ko da kwamfuta kafin a mayar da fistin, in an danne shi da ƙarfin tsiya a lalata injin. Wasu motocin kuma famfon birkinsu na iya tashi da kansa ko mota a kashe take, ya turo fistin alhali hannunka na ciki. Wayoyi masu launin lemo ɗauke suke da wuta mai kai wa volt 400, wasu ma fiye. Gyaran birki bai kai ka wurinsu ba, kada ka taɓa su, kuma ka san inda za ka kafa jak don kada ka huda batir. In za ka sauya fad, ka sauya na dama da na hagu tare. Ka guji jabun kaya komai arharsu, araha ba ta ado. Abin da ba ka sani ba ka tambayi wanda ya sani, ka karanta littafin motar. Faɗin "Oga, wannan sai na bincika" ya fi maka daraja a kan ka mayar wa mutum motarsa da birki rabi. Masu Keke Napep da babur na lantarki kuma su sani, turjiyar injinsu ba ta kai ta mota ba, wasu ma ba su da ita, don haka birkinsu cinyewa yake yi kamar na kowa.

Ƙannena, kuɗin da motar lantarki ta rage muku na fetur da baƙin mai da filogi, ku ware kaɗan daga ciki ku ba birki haƙƙinsa. Duk wanda ya shiga motarku, da mai tsallaka titi a gabanku, amana ne a wuyanku, kuma za a tambaye ku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sa rana a cikin wannan makon, ku kai motar gareji, a cire taya a gabanku, ku durƙusa ku ga fad na ciki da na waje da idonku, ku tambayi yaushe rabon da a sauya man birki. Allah Ya tsare mu da ku a kan hanya, Ya sa albarka a sana'arku.